Yaro mai ƙiriniya: ku nema masa abin yi, kada ku razana shi da ɗan sanda

Yaron da ake ce wa ba ya ji, sau da yawa ƙarfi ne ya yi masa yawa bai samu inda zai sauke shi ba. Don haka ku fara da jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 yana bukatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ƙwallo, gudu, keke, iyo, ku bar shi ya zaɓa da kansa, domin abin da aka tilasta masa ba ya ɗorewa. Ƙasar Ayisland ta ƙarfafa wasanni da ayyukan bayan makaranta tare da sa idon iyaye, sai 'yan shekara 15 zuwa 16 masu buguwa da giya suka ragu daga kashi 42 cikin 100 a 1998 zuwa kashi 5 a 2016.

Sai aikin hannu. Na taɓa ganin yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya shafe awanni yana kwance tsohuwar rediyo, ya jera sukurorinta reras a kan takarda, ko ɗago kai bai yi ba. Ku ba shi aikin da zai zama nasa, kamar ban ruwan shuka ko gyaran kekensa. In ya yi, ku yaba masa nan take, ku ambaci abin: "Na ga ka mayar da kayan aikin inda suke."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne "in ba ka daina ba zan kira maka ɗan sanda". Don Allah ku bar wannan magana. Ranar da ya ɓace a cikin cunkoso, ko wani babba ya cuce shi, wanda ya kamata ya ruga wurinsa shi ne wanda kuka mayar masa dodo. Ku sa ya haddace cikakken sunanku, lambar wayarku da lambar kiran gaggawa. In kun wuce ɗan sanda a bakin aiki, ku gaishe shi a gaban yaron, ku gaya masa amfanin aikinsa.

In ya fara girma, ku faɗa masa gaskiya: 'yan sanda ba duka suka taru suka zama ɗaya ba, amma in an tsayar da shi ya natsu, kada ya gudu, kada ya yi gardama, ya nemi a kira iyayensa. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ce ba a tsare yaro sai in babu wata mafita, kuma na mafi ƙarancin lokaci.