Yadda za ki sama ma yaronki wurin zama in kina fita nema a Damagaram

Wallahi abin da ke ci min rai shi ne in ga yarinya 'yar shekara 9 an hana ta lakwal don ta goyi ƙanenta uwa ta tafi kasuwar Dole. Ba laifin uwar ba ne, jardan na kuɗi, wato makarantun ƙananan yara kafin firamare, sun yi tsada, amma akwai abubuwan da gwamnati ta tanada kuma da yawanmu ba ma bin su.

Ki fara da takardar haihuwa, tun ranar da kika haihu. In a likita kika haihu ki ce ma sajfam ta yi miki deklarasiyo kafin ki fito, in a gida ne maigida ya je wurin mai unguwa ko meri. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In kika bari suka wuce sai an bi ta kotu an yi jijma, wato hukuncin alƙali da ke tabbatar da haihuwar, ga yawo ga kuɗin kabu-kabu, kuma ranar da za ki kai shi jardan takardar haihuwar ce farkon abin da direktris za ta tambaye ki. Ki yi fotokopi biyu ko uku, ta ainihin ki sa a leda ki ajiye ƙasan akwati, na ga wadda ruwan damana ya jiƙa ma tata har sunan yaron ya goge.

Karnen rigakafi ma ki riƙe shi da kyau. Tun 2006 aka ce duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati, ko da wani lokaci magani ya ƙare sai an rubuta miki ki saya a farmasi, duk da haka ki je, awo da allura ba a wasa da su.

To sai jardan ɗin. Na gwamnati suna ɗaukar yara daga shekara 3 zuwa 5, wasu a cikin lakwal firamare suke, kuma kar ki jira rantire ta Oktoba, tun Satumba ki je da kanki ki gaida direktris ki tambayi ranar rubuta suna don wuri na cika da wuri. Ki tambayi nawa ne kotizasiyo, ki karɓi rasit. Ki leƙa ki gani da idonki, akwai randa ko famfo? akwai inuwa? ƙofa na rufuwa? Mu nan mun san zafin Afrilu kuma mun san wahalar ruwa, saboda haka gorar ruwa a jakarsa kullum.

Matsalar ita ce ana tashin su da rana, ke kuma kina kasuwa har la'asar. Mu a layinmu mata huɗu muka haɗa, kowace da ranar ɗauko su, su ci tuwo su kwanta gidanta, ba a biyan ko dala.

Ke kuma mai aikin albashi a kamfani ko wata kungiya, dokar aiki ta 2012 ta ba ki hutun haihuwa sati 14, da awa ɗaya ta shayarwa kowace rana har shekara guda. Ki tabbata patron ya rubuta ki a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, ki kai takardun haihuwar yara can don kuɗin alokasiyo, wato tallafin yara, in ya yi ta ja miki rai ki je ofishin inspekta na aiki da takardar albashinki a hannu.