Akwatin Wuta na Tafiya: Yadda Ake Zaɓensa da Yadda Ake Kare Shi Daga Zafin Sakkwato

Wanda ya taɓa kwana a fadamar Goronyo lokacin cirar albasa, ko ya je biki wani ƙauye bayan Wurno, ko ya bi ayarin wa'azi na kwana uku, ya san tambayar da ke bakin kowa da zarar magariba ta yi: ina za a sa caji? Janareta na biyan buƙata, amma ga ƙara, ga hayaƙi, ga jarkar fetur da za a yi ta jigila. Shi ya sa mutane ke komawa ga akwatin wuta, wanda masu shago ke kira sola janareta. Babban batir ne da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta soket ɗin gida, da na'urar caji a haɗe cikin akwati guda mai hannun ɗauka. Sunan kada ya ruɗe ka, ba ya ƙirƙirar wuta. Abin da ka zuba masa daga NEPA ko mota ko farantin sola, shi zai mayar maka, har da ɗan ragi.

Lambobi biyu da ke jikin kwali

Ka ɗauki akwatin kamar tankin ruwa mai famfo. Lambar da aka rubuta da Wh ita ce girman tankin, wato yawan wutar da yake iya riƙewa. Wadda aka rubuta da W kaɗai ita ce faɗin famfon, wato nauyin kayan da zai iya ɗauka a lokaci guda. Yawancin masu nadama a nan suka yi tuntuɓe: sun ga an rubuta 1000W da manyan baƙaƙe, sun biya, sai a gida suka lura tankin 300Wh ne kawai.

Wasu kamfanonin kuma mAh suke rubutawa don lambar ta cika ido. Lissafin ba wuya: ka ninka mAh da bolt na batirin, ka raba da 1000. Akwatin da aka ce 80,000mAh ne a kan bolt 3.7 bai kai 300Wh ba, 296 ne. Idan babu Wh a kwali, babu kuma bolt ɗin da za ka yi lissafi da shi, ka ajiye musu kayansu.

Kafin ka je kasuwa ka zauna da biro da takarda. Kowane kaya ka rubuta wat ɗinsa, yana nan a bayansa ko a jikin cajarsa, ka ninka da awannin da zai yi a kunne. Ga misalin dare ɗaya na mutum huɗu:

Fankar DC, wato mai aiki da wutar batir kai tsaye, mai wat 20, awa 8: 160Wh
Ƙwan fitila biyu masu wat 5, awa 5: 50Wh
Waya huɗu, kowace kimanin 20Wh: 80Wh
Laftof, caji ɗaya: 60Wh

Jimla 350Wh. Amma ba duk abin da ke cikin batir ke isa ga kayanka ba, inbata na cinye wajen kashi 15 cikin 100 ya mayar da shi zafi. Ka raba 350 da 0.85, ka samu 412. Ka ƙara rarar da za ta hana ka tatse batirin ƙarƙaf kowane dare, ka ga akwati mai 500Wh ne naka.

Yanzu ka sauya abu ɗaya tak. A maimakon fankar DC, ka sa fankar tsaye ta gida mai wat 60. Ita kaɗai za ta sha 480Wh kafin asuba, jimlar ta koma 670, bayan ragin inbata ta kusa 790. Ka tashi daga mai 500Wh ka koma mai 1000Wh, kuɗi ya kusa ninkawa, nauyi ya tashi daga kilo 6 ko 7 zuwa wajen 11 ko 13. A ganina babu dabarar da ta kai sayen fankar DC rage kashe kuɗi a wannan harka. Kuɗinta bai kai rabin bambancin akwatunan biyu ba, kuma a bazarar Sakkwato fanka ce ke cin kaso mafi tsoka na wutar dare.

Duk abin da aikinsa ɗumamawa ne ka cire shi daga lissafi. Dutsen guga na neman wat 1000 ko fiye, butar lantarki 1500 zuwa 2000, haka hita da risho na lantarki. Ƙaramin akwati zai yi ƙara ya ɗauke wuta, babba kuma zai ɗauka amma ka ga kason batir na zubewa a kan idonka. Shayi dai a bar wa gawayi ko gas. Firji da injin jan ruwa matsalarsu daban ce: a daƙiƙar da suka tashi sukan fizgi ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta a jikinsu. Don haka akwatin ke da lamba ta biyu, mafi girma, ta ɗaukar fizgar farko. Ka duba ta, amma kada ka gina lissafinka na yau da kullum a kanta, ta ɗan lokaci ce ƙwarai.

Irin batirin

Iri biyu ne suka cika kasuwa. Akwai LiFePO4, wani lokaci a rubuta LFP, akwai kuma lithiyam irin na waya da laftof wanda ake rubuta NMC ko Li-ion kawai. Na farkon kan kai caji wajen 3000 kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80, na biyun 500 zuwa 800. LFP ya fi nauyi kaɗan, amma ya fi jure zafi, kuma ya fi wuyar kama wuta. Ga mutumin da ke zaune inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris, Afrilu da Mayu, wannan ba abin dogon tunani ba ne. Ka sayi LFP. Sanannun kamfanoni irin su EcoFlow, Bluetti, Anker da Jackery duk suna da shi, sai dai tsofaffin samfuran wasunsu NMC ne, don haka ka karanta jikin wanda ke gabanka, kada ka tsaya ga suna.

Abu biyu kuma kafin ka zaro kuɗi. Wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120. Akwatin da aka yi don kasuwar Amurka, wanda yakan shigo cikin kayan gwanjo, ba zai juya fankarka yadda ya kamata ba, kuma jona shi kai tsaye a soket ɗin gida na iya ƙona shi. Ka tabbata an rubuta 220V zuwa 240V da 50Hz, ramin soket ɗin kuma na karɓar fulogi mai ƙafa uku irin namu. Sannan ka nemi kalmomin pure sine wave a kwali, ma'ana wutar da inbatansa ke bayarwa tsabtatacciya ce irin ta soket ɗin gida. Inbatan da ba shi da wannan yakan sa fanka gurnani da zafi, yana kuma wahalar da firji da kayan asibiti irin na'urar taimakon numfashi.

A shago kada ka ji nauyin cewa, "Alhaji, a jona mini fanka in gani." Ka kalli allon, ya nuna wat nawa ke fita. Ka gwada kowane rami, na USB da na mota da soket. Ka yi maganar garanti a rubuce a kan rasit, da sharaɗin mayarwa. Gwajin gaskiya a gida ake yinsa: ka cika shi taf, ka jona fanka mai wat 60, ka duba agogo. Mai 500Wh ya kamata ya kai wajen awa 7. Idan ya mutu a awa 3 ko 4, ko lambar kwalin ƙarya ce ko batirin ya tsufa a ajiye, ka mayar tun rasit bai yi sanyi ba.

Caji

Da NEPA ya fi sauri, sababbin samfura na cika cikin awa 1 zuwa 2. Idan wutar ta zo ba ƙarfi akwatin na iya ƙin karɓa, ba lalacewa ya yi ba, ka bi da shi ta sitabilaiza. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka ma haka yake sa shi yi.

A mota, ramin kunna sigari bolt 12 ne kuma da wuya ya ba ka fiye da wat 100 zuwa 120. Tafiyar awa biyu za ta ƙara maka wajen 200Wh, taimako ne amma ba cikawa ba. Sai injin na aiki za ka jona, in ba haka ba ka wayi gari ana turin mota.

Sola ce ta fi dacewa da mu, ita ce kuma aka fi yin kuskure a kanta. Farantin da aka rubuta wa 100W an auna shi ne a ɗakin gwaji yana kan digiri 25. A filin Allah, da rana ta gasa shi, kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi na rage masa kusan kashi 0.4 cikin 100. Da tsakar rana ka sa ran wat 70 zuwa 80, a yini guda kuwa wajen 400Wh idan sama ta yi garau. Ke nan mai 500Wh na son faranti mai 100W zuwa 120W, mai 1000Wh kuma 200W. Da hunturu hazo kan rage hasken, ƙura kuma ta kwanta a gilashin, sai ka riƙa share shi da tsumma mai laushi kowace safiya kafin ya ɗau zafi. Kada ka watsa wa faranti mai zafi ruwan sanyi.

Sakkwato na wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka mafi yawan shekara farantin kudu zai fuskanta, a ɗan kishingiɗe. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan bi ta saman kai har ta ɗan karkata arewa, a lokacin shimfiɗe shi kwance ya fi. Faranti mai naɗewa yana da daɗin juyawa: gabas da hantsi, sama da azahar, yamma da la'asar. Ka kula da inuwa ƙwarai. Reshen dogon yaro ɗaya da ya gitta kusurwar faranti na iya zubar da fiye da rabin wutar, domin ƙwayoyin cikinsa a jere suke kamar sarƙa.

Kuskuren da ke kashe akwati nan take shi ne yawan bolt. Kusa da ramin sola an rubuta iyaka, a ƙananan akwatuna sau da yawa ba ta wuce bolt 28 ko 30 ba. A bayan faranti kuma akwai lamba mai suna Voc, wato bolt ɗin da farantin ke bayarwa idan ba a jona masa komai ba. Dole Voc ta kasance ƙasa da iyakar akwatin. Manyan farantan rufin gida masu 400W zuwa 550W nasu kan kai bolt 37 zuwa 50, wanda ya ɗauko ɗaya ya jona wa ƙaramin akwati ya ƙona sashen cajinsa, garanti kuma ba ya biyan wannan. Haɗa faranti biyu a jere, wato jar igiyar wannan cikin baƙar igiyar wancan, yana tara bolt ɗinsu. Haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙi da baƙi, bolt bai canzawa.

Zafi

Nan ne akwatin da aka saya da tsada ke tsufa kafin lokacinsa. Yawancinsu an yi su ne su karɓi caji tsakanin digiri 0 da 40 ko 45. Iskar Afrilu a Sakkwato ita kanta ta taɓa wannan iyakar, balle a ɗora caji mai sauri a kai, wanda shi ma zafi yake haifarwa. Idan ka ga ya daina caji da azahar alamar zafi ta fito a allo, na'urar tsaron da ke ciki ce ta yi aikinta. Ka cire igiyar, ka kai shi inuwa, ka ba shi rabin awa.

Faranti a rana, akwati a inuwa. Ka tanadi ƙarin igiya mai kauri ta mita 5 don wannan, siririya na cinye wuta a hanya. Kada ka ajiye shi a kan rairayi ko siminti da rana ta daka, ka ɗora shi kan kujera ko katako, ka bar tazarar taƙi ɗaya a gefen da fankarsa ke shaƙa da fitar da iska. Masu rufe shi da bargo ko buhu saboda ƙura suna shaƙe shi ne. Rufewa sai yana kashe. Ƙurar da ta taru a ramukan iska kuma buroshi busasshe ke fitar da ita. Mafi muni shi ne barinsa a mota rufe a tashar mota ko bakin kasuwar Illela, domin cikin motar da ke tsaye a rana na iya wuce digiri 60. In da hali, cajin NEPA ka bar shi sai dare ko da sassafe.

Da damina kuma ruwa ne abin tsoro, yawancinsu ko yayyafi ba sa so. Idan ya jiƙe kada ka kunna. Idan ka ga jikinsa ya kumbura, ko wari na fita, ko yana wani huci, ka fitar da shi fili nesa da zana da ciyawa da fetur, kada ka buɗe shi da kanka.

Wajen amfani, duk abin da zai iya shan wuta ta USB ko ramin DC ka ba shi ta can. Waya da laftof mai USB-C ba su da buƙatar soket. Muddin maɓallin AC, wato na soket, na kunne inbata na cin wuta ko ba a jona komai ba, a manyan akwatuna har wat 10 ko fiye, wanda a dare ɗaya ya kai cajin waya huɗu. Akasin haka ma na faruwa: wasu na da tsarin tsimi da ke kashe kansu idan kayan da aka jona ba su da nauyi. Mai ajiye magani a ƙaramin firjin mota ya kashe wannan tsarin kafin ya kwanta. Kuma ko da wasa kada a haɗa akwatin da soket ɗin bango don a ba gida wuta, ranar da NEPA ta kawo za a yi asara, mai gyara a kan turke ma na iya rasa ransa.

Maniyyata da masu zuwa Umara daga filin jirgin Sultan Abubakar III su sani akwatin nan ba ya hawa jirgi. Ƙa'idar jiragen sama ita ce batir har 100Wh a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura 160Wh kuwa ba a ɗauka ko a hannu ko a cikin kaya. Fawa banki mai 20,000mAh, wato 74Wh, shi ne na wannan tafiyar.

Idan an dawo gida za a daɗe ba a taɓa shi ba, kada a ajiye shi cike taf ko wayam. A bar shi a kashi 50 zuwa 60, a kashe shi gaba ɗaya, a sa shi a ɗakin da ya fi sanyi, a duba shi duk wata uku. Mai batirin LFP wani lokaci allonsa kan rikice, ya nuna saura kashi 30 sai ya mutu. Maganinsa a yi amfani da shi har ya kashe kansa, sannan a cika shi zuwa 100 ba tare da an cire ba, lissafinsa zai dawo daidai.