Yadda Ake Wanke Wa Doki Ido

Masu dawakai sun sha tambayata yadda za su yi idan idon doki ya fara hawaye ko kwantsa. Ga yadda ake yi:

1. Kai dokin inuwa, wani ya riƙe maka shi.
2. Wanke hannunka da sabulu.
3. Tafasa ruwa lita 1, ka zuba gishiri giram 9, ka bari ya huce sosai.
4. Jiƙa auduga, ka goge kwantsar daga gefen hanci zuwa waje. Kowane ido da audugarsa, don kada ka kwashi ciwon ɗaya ka kai wa ɗayan.
5. Zuba ruwan a idon da sirinji marar allura, a hankali.

Hattara: kada ka ɗiga maganin ido mai sitiroyid (wani sinadari mai rage kumburi) kafin likita ya duba. In akwai gyambo a idon, ƙara masa muni zai yi, har ya kai ga makanta.

6. Rufa masa raga a fuska saboda ƙuda.
7. In ya ƙi buɗe idon, ko idon ya yi fari-fari, kira likitan dabbobi a ranar.