Babi na 9: Yadda mutanen Ayalan suka sami kalmar littafi

Darasi na 1

Ayalan tsibiri ne a yammacin Birtaniya. Ban da Turanci, mutanensa suna da harshensu na gado. A wannan harshe, sunan littafi shi ne leabhar.

Ku ɗauki fensir. Ku fara daga hagu: l, e, a, b, h, a, r. Ku ƙirga, haruffa 7 ne.

Yanzu ku ɗora yatsa ƙarƙashin b da h. A nan kowa yake tuntuɓe, kada ku ji kunya. Kun tuna s da h a cikin shinkafa? Haruffa biyu, sauti ɗaya. To, haka b da h suke a nan, sautinsu "w" ne. Ku ce "liyaur". A sake, a hankali: "liyaur". Madalla, Baba. Inna, ke ma gwada, ba wanda zai yi dariya.

Ku kewaye bh da fensir. Ku sake faɗa sau 3.

Darasi na 2

Kalmar baƙuwa ce. Daga Latin ta zo, harshen Rumawa, inda ake cewa liber. Tun farko liber na nufin ɓawon itace na ciki. A shekara ta 431 Paparoma ya aika da wani malamin Kirista mai suna Palladius zuwa Ayalan, sai malaman Kirista suka shigo da littattafai, sunan ma ya biyo kaya. Mu ma haka muka sami littafi daga al-kitab na Larabci.

Bakin mutanen Ayalan ya tausasa b ɗin Latin, ta daina fita da ƙarfi. A da ɗigo suke sa mata a ka, daga baya h ta maye gurbin ɗigon. Saboda haka ba a furta h ɗin.

Har yanzu ina jin wasu a layin baya suna cewa "le-ab-har". Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wanda bai yi bita a gida ba, da ya buɗe baki nake gane shi. "Liyaur".

Darasi na 3

Liber ta haifi wasu 'ya'yan: livre a Faransanci, libro a Sifaniyanci. Ku kwafa.

Darasi na 4

Scoil, wato makaranta a harshen Ayalan, daga schola na Latin. Ku rubuta sau 5, ku kawo ranar Talata.