Tsohon hoton yara a gidan gona

'Yan'uwa na Zangon Kumasi, in kuna da tsohon hoto mai baƙi da fari, irin na yara jere a ƙofar gidan gonar koko, ku riƙe shi ta gefe, maiƙon yatsa yana barin tabo. Ku juya bayansa tukuna: in hatimin mai hoto ya ce Gold Coast, wato tsohon sunan Ghana, galibi kafin 1957 aka ɗauka.

Don Allah kar a liƙe shi da leda mai zafi, ba ta ciruwa. Laimar damina kan manna hoto da gilashin firam ɗinsa. In ya manne, kar a ɓamɓare, fuskokin yaran za su bi gilashin. A ɗauki hotonsa da waya haka nan. A tambayi tsofaffi sunayen yaran, a rubuta da fensir, tawadar biro tana ratsa takarda.