Yadda ake haɗa shafukan gabatarwa da manhajojin intanet na kyauta

Ɗalibin da zai kare aikin bincikensa, da malamin da zai koyar, da ma'aikacin da aka ce ya kawo rahoto gaban taro, babu wanda ya zama dole ya sayi manhaja kafin ya haɗa shafukan da za a haska da majigi. Akwai guda uku da ke aiki kyauta a cikin burauza: Google Slides, da PowerPoint na intanet, da Canva.

Google Slides asusun Gmail kawai yake buƙata, kuma yana adana aiki a Google Drive, inda kowa ke da gigabait 15 kyauta, sai dai wurin na tarayya ne da wasiƙun Gmail da hotunan Google Photos. PowerPoint na intanet yana buƙatar asusun Microsoft, yana ajiya a OneDrive mai gigabait 5, kuma shi ya fi dacewa idan an ce lallai fayil ɗin PowerPoint za ka miƙa. Canva ya fi su kyawawan samfura, amma a kula: duk hoto ko samfurin da aka sa wa alamar kambi na masu biya ne. Idan ka ɗauke shi, wani lokaci sai a wajen saukewa za a nemi kuɗi, bayan ka gama wahala.

Bayanin da ke tafe a kan Google Slides yake, domin shi ya fi sauƙin koyo kuma ya fi daɗin aikin haɗin gwiwa. Mafi yawan matakan haka suke a sauran biyun, sunayen maɓallan ne ke ɗan bambanta.

Fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta jimla ɗaya: me kake so mutane su tashi da shi? Ƙarƙashinta ka jera kanun maganganunka, kowane kai shafi ɗaya. Ka ƙiyasta minti ɗaya zuwa biyu ga kowane shafi. Wanda aka ba minti 15, shafi 10 zuwa 12 sun ishe shi. Mai shafi 40 a minti 15 gudu zai yi ta yi, mutane na kallon shafuka suna wucewa ba su kama komai ba.

Kan kowane shafi ya zama magana cikakkiya. A ce rahoton ciniki za ka bayar. "Watanni uku na farko" bai faɗi komai ba. "Ciniki ya ragu a wata na uku saboda kaya sun makara" ya gama bayani, har wanda hankalinsa ya ɗan tafi zai ɗaga kai ya gane inda aka kwana.

Buɗe sabon aiki, ka tsayar da girma da fasali

Shiga asusunka, ka rubuta slides.new a wurin adireshi na burauza. Sabon aiki zai buɗe nan take. Danna inda aka rubuta Untitled presentation a sama ta hagu, ka ba shi suna. Babu maɓallin ajiya, manhajar na adanawa da kanta muddin akwai intanet.

Sai girman shafi. Shiga File, sannan Page setup. Abin da yake zuwa da shi 16:9 ne, wato mai faɗi irin na talabijin da kwamfutocin yanzu. Tsofaffin majigi kuwa 4:3 ne. Ka tambayi wanda ke kula da ɗakin taron irin na'urarsu tun yanzu, domin tun ran gini ran zane: idan ka canza girma bayan ka gama, hotuna da rubutu za su goce daga inda ka ajiye su, sai ka bi shafi-shafi kana gyara.

Daga nan ka zaɓi fasali a jerin Themes da ke gefen dama. Mai sauƙi ya fi, farin fage da rubutu mai duhu. Majigi yana kashe kaifin launi, musamman a ɗakin da ba a rufe tagogi ba. Rawaya a kan fari, ko ja a kan shuɗi, suna iya yin kyau a fuskar kwamfutarka amma a bango su ɓace.

Ga wani mataki da yawancin masu koyo ke tsallakewa, alhali shi ne ke rage rabin aiki. Shiga Slide, sannan Edit theme. Shafin da ke can sama a jerin shi ne uwar sauran. Duk abin da ka canza a kansa, salon haruffa ne, ko launin kanu, ko tambarin ƙungiya a lungu, zai bayyana a kowane shafi. Wanda bai san da wannan ba shi ne za ka ga shafi na uku da na bakwai kowanne da irin rubutunsa.

Haruffa da girmansu

Salon haruffa biyu sun isa, ɗaya na kanu, ɗaya na jiki. Idan da Hausa kake rubutu, ka gwada salon kafin ka yi nisa: rubuta "ƙasa, ɗaki, ɓera" ka duba da kyau. Salo da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai manhajar ta aro su daga wani salon, su fito sirara ko masu kauri a tsakiyar kalma kamar an yi musu faci. Noto Sans da Andika suna da su. Za ka same su idan ka danna sunan salon a sama, ka shiga More fonts, ka rubuta sunan.

Game da girma, akwai abin da ke ruɗa mutane. Shafin Google Slides faɗinsa inci 10 ne, na PowerPoint kuwa inci 13.33. Saboda haka rubutu mai lamba 18 a Slides daidai yake da mai lamba 24 a PowerPoint idan aka haska su a bango ɗaya. Kada rubutun jiki ya gaza 18 a Slides, ko 24 a PowerPoint. Kanu kuma daga 28 zuwa sama. Gwaji mai sauƙi shi ne ka ja da baya kamar taku uku daga kwamfutar. Abin da ka kasa karantawa daga nan, na kujerar baya ma ba zai karanta ba.

Idan rubutu ya ƙi shiga shafi, kada ka rage girmansa. Raba shi shafi biyu, ko ka rage maganar. Layi huɗu zuwa biyar gajeru sun isa. Sauran bayanin ka zuba shi a akwatin da ke ƙasan shafi inda aka rubuta Click to add speaker notes, kai kaɗai za ka gan shi lokacin gabatarwa. Mutane ba sa iya karatu da sauraro a lokaci guda. Da zarar ka cika bango da rubutu, sun daina jin ka.

Maɓallai uku za su sauƙaƙa maka: Ctrl da M na kawo sabon shafi, Ctrl da D na kwafe wanda kake kai, Ctrl da Shift da V kuma na manna rubutun da ka kwafo daga wani wuri ba tare da ya taho da launinsa da salonsa ba. Kowane sabon shafi ka zaɓa masa tsari daga Layout, maimakon ka riƙa zana akwatunan rubutu da hannu, don kanu su tsaya wuri ɗaya daga farko har ƙarshe.

Hotuna, ƙididdiga da bidiyo

Hoto ana saka shi ta Insert, sannan Image. Idan za ka ƙara masa girma ko ka rage, ka ja shi ta kusurwa. Jan gefe shi ke sa fuskar mutum ta baje ko ta yi tsawo. In wani ɓangare kake so ka yanke, danna hoton sau biyu, baƙaƙen alamomin yanka za su fito.

Hoton da ya kai 1920 a faɗi da 1080 a tsawo ya isa cika shafi. Wanda waya ke ɗauka yakan ninka haka, kuma idan ka tara irinsu ashirin aikin zai yi nauyin buɗewa a intanet mai rauni. Akasin haka, ƙaramin hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp ya riga ya matse, da an faɗaɗa shi a bango sai ya dushe. Nemi na asali. Kuma ba kowane hoton da ka gani a intanet ne aka yarda a ɗauka ba. Pixabay da Unsplash da Pexels suna ba da hotuna kyauta, Wikimedia Commons ma haka, sai dai yawancin nasa ana so a ambaci mai hoton.

Lambobi kada a kwafo su tebur guda a zube. Zaɓi waɗanda maganarka ta tsaya a kansu, ka mai da su zane. Idan suna cikin Google Sheets, yi zanen a can, sannan a Slides ka shiga Insert, Chart, From Sheets. Bar alamar Link to spreadsheet a kunne. Duk ranar da lambobin suka canza, maɓallin Update zai fito a kan zanen, dannawa ɗaya ta gyara shi.

Bidiyo yana shiga daga YouTube ko daga Drive, kuma ba ya zama cikin fayil ɗin, daga intanet yake tahowa duk lokacin da aka kunna. Ranar da babu intanet, baƙin akwati kawai za a gani. Na Drive kuma sai ka ba mutane izinin kallonsa daban, ko da ka riga ka ba su izinin shafukan. Don haka ka ajiye kwafin bidiyon a kan kwamfutar, in ta kama ka kunna shi kai tsaye.

Motsin shafuka da rubutu mai tsalle, a rage su. Fade kaɗai ya wadatar, in ma ana so.

Aiki tare da wasu

Maɓallin Share yana sama ta dama. Izini iri uku ne: Viewer mai kallo kawai, Commenter mai barin sharhi, Editor mai iya canza komai. Malamin da zai duba maka aiki Commenter ya dace da shi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafi mahaɗin aikin, wato adireshinsa na intanet, a tura alhali yana kan Restricted, sai wanda aka tura wa ya tarar da saƙon neman izini. Idan kana so duk mai mahaɗin ya buɗe, ka mai da shi Anyone with the link, ka bar shi a Viewer. Kada ka haɗa wannan da Editor, domin duk hannun da mahaɗin ya faɗa zai iya share maka aiki.

In wani ya ɓata wani abu, shiga File, Version history, See version history. Za ka ga yadda aikin yake a ranaku da sa'o'in baya, da sunan wanda ya taɓa me, ka maido da wanda kake so.

Kwafin da ba ya jiran intanet

Aikin bai kammala ba sai kana da kwafin da zai buɗe ko babu intanet. Shiga File, sannan Download, ka sauke iri biyu. Na farko PDF: yana riƙe haruffa da tsari yadda ka bar su, yana buɗewa a kowace kwamfuta, sai dai babu motsi babu bidiyo. Na biyu PPTX na PowerPoint. Shi wannan dole ka buɗe shi ka bi shafi-shafi, saboda idan kwamfutar da za a yi amfani da ita ba ta da salon haruffanka za ta musanya da nata, layuka su karye, rubutu ya fita daga akwati. Sa duka biyun a filashi, ka kuma tura wa kanka ta imel.

Idan da kwamfutarka za ka je, akwai hanya ta uku. A burauzar Chrome ka saka ƙaramar manhajar da ake ƙara mata mai suna Google Docs Offline, ka kunna Offline a saitunan Drive, sannan a cikin aikin ka shiga File ka danna Make available offline. Duk wannan sai da intanet ake yin sa, don haka a yi tun da wuri. Bayan ka gama, kashe intanet ɗin ka gwada buɗewa da idonka.

Ranar gabatarwa

Ka isa da wuri, aƙalla rabin awa. Duba irin wayar majigin: HDMI tana ɗaukar hoto da sauti, VGA mai kai shuɗi hoto kawai take ɗauka, in akwai bidiyo sai an nemi lasifika daban. Sababbin kwamfutoci da yawa USB-C kawai gare su, ka taho da adaftarka.

Bayan ka jona, a Windows danna maɓallin Windows da P. Duplicate yana nuna abu ɗaya a bango da kwamfuta. Extend yana raba su, kuma shi kake buƙata idan za ka duba bayananka na ɓoye. Danna ƙaramar kibiyar da ke gefen Slideshow, ka zaɓi Presenter view. Taga biyu za su fito: ja ta shafukan zuwa bango ka cika fuska da ita, ka bar mai bayanai da agogo a gabanka. Idan ka manta ka bar shi a Duplicate, duk ɗakin zai karanta abin da ka rubuta wa kanka.

Rufe WhatsApp da imel da duk abin da ke iya fito da saƙo a fuska, ka sa kwamfutar a caji. Lokacin magana, kibiyar dama na kai ka gaba, ta hagu baya. Harafin B na mai da bango baƙi idan kana so idanu su dawo kanka, sake dannawa ya dawo da shafin. L na kunna jan ɗigon nuni. In mai tambaya ya ce a koma shafi na 7, danna 7 sannan Enter. Don wannan ya yi amfani, ka sa wa shafukan lamba tun a gida ta Insert, sannan Slide numbers, yadda masu sauraro za su iya faɗin shafin da suke nufi.