Yadda ake rubuta tarihin gidan Chamberlain ba a cakuɗa uba da 'ya'yansa ba

Karon farko da na rubuta tarihin Neville Chamberlain, firaministan Birtaniya daga 1937 zuwa 1940, sai na liƙa masa lambar yabo ta Nobel. Wani abokin aikina ya zagaye layin da jan biro, ya rubuta a gefe: "Malam, wannan ai ta yayansa ce." Gaskiyarsa. Austen ne ya samu ta 1925, saboda yarjejeniyar Locarno ta zaman lafiya a Turai. Tun daga ranar na daina fara aikin wannan gida daga ofisoshi da muƙamai, nake farawa daga iyaye mata.

Samu farar takarda ka zana gidan tukuna. A sama sa uban, Joseph, 1836 zuwa 1914. Matarsa ta fari, Harriet Kenrick, ta rasu a 1863 kwanaki kaɗan da haihuwar Austen. Ya auri 'yar uwarta Florence Kenrick, ita ta haifi Neville a 1869, ita ma ta rasu wajen haihuwa a 1875. Wato Austen da Neville 'yan uba ne, tazarar shekara shida tsakaninsu, kuma kowannensu ya tashi babu uwa. Mata ta uku, Mary Endicott, Ba'amurkiya ce, a 1888 ta shigo. Wannan takarda ta zauna kusa da hannunka har ka gama, kuma a rubutun farko kada ka yarda ka rubuta "Chamberlain" tsurarsa. Sa sunan yanka kowane lokaci, ko da ya gundure ka. Daga baya ka rage.

Sai ka tafi Birmingham kafin Landan. Joseph a Landan aka haife shi, amma yana ɗan shekara 18 ya koma Birmingham, ya yi arziki a masana'antar ƙusoshin murɗawa ta danginsa. Ya zama magajin gari a 1873, ya karɓe harkar gas da ruwan sha daga hannun kamfanoni ya mayar hannun hukumar birni, sannan ya shiga majalisa a 1876. Wanda ya tsallake wannan ba zai gane abin da ya sa birnin ya riƙe sunan gidan shekara da shekaru ba.

Game da Joseph, tarkon da mutane ke faɗawa shi ne su kira shi firaminista. Bai taɓa yi ba. Abin da ya yi ya fi haka ban mamaki: ya raba jam'iyyar Liberal a 1886 kan batun bai wa Ailan ikon mulkin kanta, ya sake raba kan 'yan Conservative daga 1903 kan harajin shigo da kaya. Tsakanin 1895 da 1903 shi ke riƙe da ma'aikatar ƙasashen mulkin mallaka, zamanin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu ke nan, kuma shi ya ɗora Lugard kan sabuwar rundunar Afirka ta Yamma a 1897. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a 1906.

Inda nake so ka daɗe shi ne rabon da uban ya yi wa 'ya'yansa. Austen aka shirya wa siyasa: Cambridge, sai Paris, sai Berlin, ya shiga majalisa a 1892 bai cika talatin ba. Neville kuwa kasuwanci aka nufe shi da shi. A 1891 uban ya tura shi tsibirin Andros a Bahamas ya noma wata shuka da ake tufka igiya da zarenta. Ƙasar ta ƙi, shukar ta ƙi, aka yi asarar kusan fam 50,000, ya dawo gida da kunya. Ya zama magajin garin Birmingham a 1915, bai taka majalisa ba sai 1918, yana da shekara 49. Ni a nan nake ganin tushen taurin kansa, ko da yake wannan fahimtata ce, kai ma idan za ka faɗi irinta ka nuna cewa taka ce.

Muƙami ɗaya ne ya fi rikita mutane, ministan kuɗi, don duka 'yan uwan sun riƙe shi. Austen daga 1903 zuwa 1905, da 1919 zuwa 1921. Neville a 1923, sai kuma 1931 zuwa 1937. Duk inda ka ga "ministan kuɗi Chamberlain", duba shekara kafin ka kwafa. Hoto ma yana yaudara. Tabarau mai ido ɗaya na Joseph ne, Austen ya gaje shi har da salon sutura. Mai gashin baki da laima shi ne Neville.

Maganar majalisa ka ɗauko ta daga Hansard, kundin muhawarorin, yana intanet kyauta. Abin da ke zuciya kuwa yana cikin wasiƙun da Neville ya dinga rubuta wa ƙannensa mata, Ida da Hilda, kusan kowane mako, suna ajiye a Jami'ar Birmingham. Sai dai ka tuna mutum ne ke ba ƙannensa labarin kansa, ba zai ce shi ya yi kuskure ba.

Munich, wato yarjejeniyar da Neville ya ƙulla da Hitler a wannan birni na Jamus, ka bar ta ƙarshe. Kowa ya san Satumban 1938, da takardar da ya ɗaga a filin jirgi, da yaƙin da ya ayyana kan Jamus ranar 3 ga Satumban 1939, da saukarsa a Mayun 1940, da rasuwarsa a Nuwamban shekarar. Idan da ita ka buɗe, duk abin da ya gabata zai koma share fage. Ni nakan ɗaure labarin a Fabrairun 1932, ranar da Neville ya gabatar wa majalisa dokar harajin nan da ubansu ya mutu yana nema. Da ya gama jawabi, Austen ya sauko daga kujerarsa ya miƙa masa hannu. Austen ya rasu a Maris na 1937, saura wata biyu ƙanensa ya shiga gida mai lamba 10 a Downing Street, wato gidan firaminista.